Injin Jifa Ba Ya Koya wa Yarinya Karanta Hannu

A watan Fabrairun da ya gabata, mu iyayen 'yan matan da ke buga wa wata ƙungiyar sofbol ta 'yan ƙasa da shekara 14 wasa a jihar Ohio ta Amurka, mun zauna domin yanke shawara a kan kuɗin da muka tara cikin shekara guda. Kuɗin sun kusa dala 3,000, kuma ra'ayin da ya rinjaya shi ne a sayo injin jefa ƙwallo na biyu, domin layin da yaran ke yi a bakin na farko ya yi tsawo, ga shi kuma awa ɗaya da rabi kacal muke haya a zauren atisaye saboda dusar ƙanƙara ta rufe filaye. Mu biyu ne kawai muka ƙi ɗaga hannu, ni da wata baiwar Allah wadda 'yarta ce mai jifa ta biyu a ƙungiyar. An rinjaye mu, an sayo injin, yana nan yana aiki. Amma har yau ina nan a kan bakana, domin a ganina ƙungiyoyin yara a ƙasar nan sun ɗora wa inji aikin da ba nasa ba, kuma yaran ne ke kwana ciki idan ranar wasa ta zo.

Ga wanda bai san wasan ba, sofbol ƙanen besbol ne. An fara shi a birnin Shikago a 1887 a matsayin besbol na cikin ɗaki, kuma a yau nau'insa mai saurin jifa ya fi karɓuwa a tsakanin mata. Mai jifa takan tsaya ƙafa 43 daga mai duka, wato mita 13 da 'yan kai, ta wulwula hannunta zagaye guda cikakke kamar farfela, sannan ta saki ƙwallon daga daidai ƙugunta. Mai duka tana riƙe da kulki, idan ta kai duka ta kuskure ko ta bar jifa mai kyau ya wuce har sau uku, ta fita. A matakin jami'a jifa yakan kai kilomita 105 a awa ɗaya, manyan gwanaye kuwa sun wuce nan: Monica Abbott ta kai kusan 124 a 2012, Karlyn Pickens ta Jami'ar Tennessee ta kai kusan 128 a watan Mayun 2025. Ko a kan 105 ɗin ma, ƙwallon ba ta cika rabin daƙiƙa a iska, kuma da yake mai jifa takan yi tsalle gaba kafin ta saki, tazarar ta gaskiya ba ta ma kai mita 13 ɗin ba.

Wannan lissafin shi ne tushen maganata. A cikin ƙasa da rabin daƙiƙa babu wanda zai jira ya ga inda ƙwallo ta nufa, ya yi tunani, sannan ya ɗaga kulki, domin shi kansa kai dukan yana cin wani kaso na wannan ɗan lokaci. Mai duka ta ƙwarai tana soma yanke hukunci ne tun ƙwallon na hannun mai jifa. Tana duban tsawon takunta, da yadda ta jingina jikinta gaba ko baya, da saurin juyawar hannu, da yadda wuyan hannun ya murɗa a daidai lokacin saki, sai kuma yadda jan ɗinkin da ke jikin ƙwallon ke juyawa a mitoci biyun farko. Duk wanda ya taɓa tsaron gida a bugun fenariti ya san wannan ilimi, domin gola ba ya jiran ƙwallo, ƙugun mai bugu da ƙafar da ya dasa yake karantawa. Haka ɗan dambe yake duban kafaɗar abokin karawarsa, ba ya jiran ya ga dunƙulen hannu a gaban fuskarsa.

Akwai shaida biyu da tarihin wasan ya ajiye waɗanda nake ganin sun isa su kashe gardama. A 1967, a filin Dodger da ke Los Angeles, wani gwanin jifan sofbol mai suna Eddie Feigner ya fitar da manyan taurarin besbol shida a jere, cikinsu har da Willie Mays da Roberto Clemente. A 2004 kuma Jennie Finch, wadda ta ci zinare da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta Atina a wannan shekarar, ta fitar da Albert Pujols, mutumin da ya fi kowa yawan dace da duka a rukuninsa a kakar 2003. Waɗannan mutane ne da suka saba da jifan da ya haura kilomita 150 a awa ɗaya, saboda haka ba sauri ne ya kayar da su ba, kuma ba ƙarfin damtse suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne sabo da hannun da ke zuwa daga ƙasa. Duk alamomin da idonsu ya haddace cikin shekaru ashirin na jifan sama ne, da aka sauya musu jiki sai suka koma kamar 'yan koyo. Idan har ƙwarewar duka tana zaune a cikin karanta jikin mai jifa, to ya kamata mu tambayi kanmu me yarinya take koya a gaban abin da ba shi da jiki.

Injin jifa ba sabon abu ba ne. Wani malamin lissafi ɗan Ingila mai suna Charles Hinton ya ƙera na farko a Jami'ar Princeton a 1897, kuma da albarushi yake harba ƙwallo kamar bindiga. A 1952 Paul Giovagnoli ya fito da mai hannun ƙarfe wanda aka fi sani da Iron Mike, sannan a farkon shekarun 1970 kamfanin JUGS na jihar Oregon ya yaɗa mai taya, wanda irinsa ne ya cika zaurukan atisaye a yau. Yadda yake aiki ba wuya: taya ɗaya ko biyu ko uku na juyawa da ƙarfi, wani mutum ya ɗaga ƙwallo sama domin mai duka ta gani, ya zura ta a wani ɗan kwararo, tayar ta fisge ta ta tofo. Babu taku, babu juyin hannu, babu murɗa wuyan hannu. Sau da yawa ma ƙwallon da ake zuba masa ta roba ce mai ƙananan ramuka a jiki, ba ta da ɗinki ko ɗaya, domin ta fata tana saurin lalacewa a bakin taya. Ke nan hatta juyawar ɗinki, wadda ita ce alama ta ƙarshe da ta rage wa ido, an ɗauke ta.

Abin da yarinya take yi a nan shi ne ta ƙirƙiro wa kanta wani agogo na daban. Tana ɗaure motsinta da saukar hannun mai zuba ƙwallo, ko da ƙarar da tayar ke yi, kuma bayan jifa biyar ko shida jikinta ya gama haddace lokacin, domin na bakwai ba zai bambanta da na shida ba. Masu binciken wasanni a Ostireliya, Ross Pinder da Ian Renshaw da Keith Davids, sun gwada wannan a 2009 a wasan kurket, wanda shi ma ake jefo ƙwallo a doke ta da sanda, inda suka sa matasan masu duka a gaban inji sannan a gaban mutum mai jifa da irin wannan saurin, suka tarar lokacin ɗaga sanda da na taku ya sauya tsakanin yanayin biyu. Wasan daban ne, amma ido da ƙwaƙwalwa ɗaya ne. Motsin da aka gina a kan inji ba shi ne motsin da ake buƙata a gaban mutum ba, kuma maimaita shi sau dubu ba zai mayar da shi wancan ba.

Ni ban koyi wannan a takarda ba, a kan 'yata na gani. Duk tsawon hunturun bara tana shiga kejin raga sau biyu a mako, kuma cikin jifa ashirin da wuya ta kuskure uku. Ƙarar kulkinta har daga bakin ƙofa ake ji, ni kuwa ina tsaye bayan raga zuciyata fari ƙal. A wasan farko na watan Afrilu sai ta haɗu da wata 'yar siririyar yarinya wadda jifanta bai ma kai saurin injinmu ba, amma tana da jifan yaudara, wato ta wulwula hannu da cikakken ƙarfi sannan ƙwallon ta fito a sanyaye. Sau uku 'yata ta shiga, sau uku ta fita, kuma a duk lokacin ta gama kai dukanta ƙwallon ba ta ma iso ba. A mota muna komawa gida ta yi shiru har muka yi nisa, safar hannun dukan ma ba ta cire ba, sannan ta ce, "Baba, ban san lokacin da zan fara ba." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ba ta ce ba ta iya duka ba, kuma gaskiyarta ne, ta iya. Abin da ba mu koya mata ba cikin wata huɗu shi ne inda za ta samo lokacin.

Akwai illa ta biyu wadda ba a cika maganarta ba, kuma a wurina ta fi ta farko muni. Inji idan an saita shi, kowane jifa nasa mai kyau ne, yana zuwa tsakanin gwiwa da ƙirji, saboda haka yarinya takan saba da cewa duk abin da ya taho na duka ne. Alhali rabin gwanintar mai duka ita ce sanin abin da za ta ƙyale. A dokar wasan, idan mai jifa ta yi jifa huɗu a wajen iyakar jifa mai kyau kuma mai duka ta ƙi taɓa su, an ba ta tashar farko kyauta, wato ta farko cikin tashoshin da ake zagayawa a guje domin a ci maki. Gwanayen masu jifa kuwa da wuya su ba ka ƙwallo a tsakiya. Abincinsu shi ne jifa mai tashi, wanda ke fitowa daga ƙugu yana juyawa baya har ido ya ɗauka zai zo daidai ƙirji sai ya wuce ta saman kulki, da mai nutso wanda ke faɗuwa a gaban ƙafa, da mai lanƙwasa zuwa waje. Duk waɗannan tarko ne ga wadda ba ta iya haƙuri ba. Yarinyar da ta yi hunturu guda tana dukan duk abin da inji ya tofo, an horar da ita ne ta faɗa wannan tarko da ƙafa biyu.

To, waɗanda suka rinjaye mu a taron ba marasa hujja ba ne, kuma hujjarsu mafi ƙarfi ita ce kafaɗar mai jifa. An daɗe ana cewa jifan ƙasa ba ya cutar da hannu, shi ya sa a sofbol ake barin mace ɗaya ta yi jifan da a besbol za a raba wa mutum uku ko huɗu. Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa 413 cikin kwana biyu a Olamfik ta Beijing a 2008, a wasa uku, har ta doke Amurka da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe, kuma ana ba da labarin a matsayin jarumta. Jarumta ce, amma ba abin da za a ɗora wa 'yar shekara 13 ba ne, domin likitocin wasanni sun nuna cewa wannan wulwula hannu yana jan kafaɗa da jijiyar damtse da ƙarfi sosai, kuma ciwon yawan aiki ya zama ruwan dare a tsakanin masu jifa. Ƙungiyarmu 'yan mata goma sha biyu ne, masu jifa biyu. Idan kowace mai duka za ta ga jifa talatin a kowane atisaye, jifa 360 ke nan, kuma babu uba mai hankali da zai yarda a sauke wannan a kan 'yarsa. A nan inji yana da gaskiya, kuma ban taɓa cewa a jefar da shi ba. Yana da amfani wajen gyara tsayuwa da hanyar kulki, da koyon tare ƙwallo a hankali domin abokiya ta ci gaba zuwa tasha ta gaba, da saba wa ido da saurin da babu wata yarinya a garin da za ta iya kaiwa. Ga ƙananan yara 'yan shekara bakwai ko takwas masu tsoron kada ƙwallo ta same su, jifan da ba ya kauce hanya yana cire musu fargaba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma a watan Janairu a Ohio sau da yawa uwar ɗakin ce kaɗai ake da ita.

Sai dai ina so a duba wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka ta 2025 a birnin Oklahoma, domin yana ɗauke da darasin ɓangarorin biyu. NiJaree Canady ta Jami'ar Texas Tech, wadda ake ganin babu kamarta a wannan kakar, ita ta ɗauki nauyin jifan ƙungiyarta wasa bayan wasa. A karawar ƙarshe da Jami'ar Texas an yi wasa uku a kwana uku a jere: na farko an tashi 2 da 1, na biyu 4 da 3, a na uku kuwa Texas ta zuba mata maki biyar tun a zagayen farko, aka cire ta, aka tashi 10 da 4. Masu cewa gajiya ce sun yi gaskiya. Amma kada a manta cewa masu dukan Texas sun yi kwana biyu suna kallon hannu ɗaya, taku ɗaya, har idonsu ya haddace ta. Abin da ya ba su nasara a rana ta uku ba a samunsa sai a gaban mutum.

Babban ƙorafina shi ne cewa inji yana rufe matsalar da ya kamata a warware, har ma yana ƙara ta. Dalilin da ya sa muke da masu jifa biyu kacal shi ne koyon jifa yana cin shekaru, kuma galibi sai iyayen da ke iya biyan malami na musamman ne 'ya'yansu ke kaiwa. Tun da inji yana nan, babu abin da ke matsa wa koci ya ɗauki wasu yara uku ko huɗu ya soma koya musu, saboda atisaye yana tafiya lami lafiya ba tare da su ba. Ita kuwa baiwar Allahn da muka tsaya tare a taron, ta faɗi abin da ni ban taɓa lura da shi ba. Ta ce 'yarta takan yi atisayen gaba ɗaya a wata kusurwa ita da mai cafka, wato mai tsugunawa tana cafe jifan, tana jifa babu kowa a tsaye, yayin da dukan masu duka ke layi a bakin inji, don haka ranar wasa ce ranar farko da take ganin mutum riƙe da kulki a gabanta, kuma nan da nan hannunta yake soma rawa saboda tsoron kada ta jefi yarinyar mutane. Ashe abu ɗaya ne ya raba mai jifa da mai duka, ya bar kowacce tana koyon rabin wasa a gefe guda na zaure ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma abin da muke sa yaran nan su yi ke nan kowace Asabar.

Dala 3,000 ɗin nan da sun isa a ɗauko malamar jifa ta zo sau ɗaya a mako tsawon hunturu ta koya wa yara biyar, har a samu ragowar da za a riƙa ba 'yan matan sakandare ko na kwaleji na kusa ɗan abin hasafi su zo su yi wa ƙananansu jifa. Ko koci ma, idan ya tsaya bayan ragar kariya a tazarar mita shida ko bakwai ya wulwula hannu cikakke ya jefo, ya ba yarinya abin da inji ba zai ba ta ba, domin akwai hannun da za ta bi da ido, kuma yana iya sauya sauri ko ya kauce da gangan ya ga ko za ta ƙyale. Idan masu jifa suka kai biyar, kowacce ta yi jifa ashirin da biyar, an sami fiye da ɗari ba tare da an gajiyar da kowa ba. Gaskiya ne kowace mai duka ba za ta ga fiye da goma ba, amma goman da ake ƙirga mata kamar a wasa, wanda ba ta san abin da ke tafe ba, kuma idan ta kuskure uku ta fita ta ba wata wuri, na fi yarda da shi a kan hamsin na inji.

Abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne inda masu kuɗin wasan suka dosa. Yawancin manyan ƙungiyoyin besbol na Amurka yanzu suna amfani da wata na'ura mai suna Trajekt Arc, ƙirar wani kamfanin Kanada, wadda ke haska bidiyon mai jifa na gaske da cikakken tsayinsa, ta saki ƙwallon daga daidai inda hannunsa yake a hoton, da irin juyin da ƙwallonsa ke yi. Wato bayan fiye da shekara ɗari da ƙera injin farko, waɗanda suka fi kowa sanin harkar suna kashe maƙudan kuɗi domin su mayar wa inji da jikin mutum da aka cire masa. Ƙungiyar yara ba za ta taɓa iya sayen irin wannan ba, amma abin da na'urar ke kwaikwayo muna da shi a unguwa, yana tafiya da ƙafa biyu.

Ba na zargin kocinmu. Mutum ne mai aikin sa kai wanda ke tashi daga wurin aikinsa ya zo ya tsaya da 'ya'yanmu, kuma inji yana sauƙaƙa masa tsara yara goma sha biyu cikin minti casa'in. Mu iyaye ma muna da namu laifin, domin ƙarar kulki a keji tana faranta mana rai, muna komawa gida da jin cewa an yi aiki, alhali atisayen da yarinya ta kuskure shida cikin goma a gaban mutum ba ya da daɗin kallo. Abin da zan sake kawowa a taron kaka mai zuwa shi ne a kayyade wa injinan biyu kashi ɗaya cikin uku na lokacin duka, sauran a raba tsakanin jifan koci daga kusa da jifan 'yan wasa da ƙirge, kuma kuɗin bana su tafi ga malamar jifa.

Kafin lokacin, na yi abin da ke hannuna. Akwai 'yar maƙwabcinmu mai shekara 16 da ke jifa a ƙungiyar sakandare, na nemi izinin mahaifinta, duk Asabar da safe takan yi wa 'yata jifa talatin a filin unguwa, ni kuma in tsuguna a baya da safar cafka da abin rufe fuska ina ƙirge. Makonni ukun farko 'yata ba ta dace da ko biyar ba, har ta taɓa jefar da kulkin ta zauna a ciyawa tana share hawaye da bakin riga. A Asabar ta shida ne aka jefo mata wani wanda ni daga inda nake na rantse a tsakiya zai faɗo, sai na ga ta ɗan motsa kafaɗa ta tsaya cak, ƙwallon ta haura ta bugi safata a saman kaina. Na cire abin rufe fuskar na tambaye ta yadda aka yi ta sani. Ta ce, "Baba, Yaya ta jingina baya kafin ta saki." Ta gyara hularta, ta dasa ƙafa, ta ce a ƙara jefowa.